Aikin ƙari ta hanci da aka yi wa Yayata

Tun da muka dawo Katsina mutane ke ta kirana suna tambaya, to bari in faɗa gaba ɗaya. Yaya da ciwon kai ta fara, sai gani ya riƙa raguwa ta gefe, in ta fito titi a Ƙofar Marusa ba ta ganin mai mashin sai ya zo dab da ita, mu kuma muna ta canza mata gilashi. Likitan ido ne ya ce a je a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, nan aka ga ƙari a gindin ƙwaƙwalwa kan wata 'yar halitta da ake kira pituitary, ya girma har ya danne jijiyar gani. Likita ya ce in ya wuce santimita 1 babba ne, nata ko ya kusa 4.

Wallahi da na ji tiyata na ɗauka ƙoƙon kai za a buɗe. Ashe ta hanci suke bi, su zura siririyar kyamara mai fitila suna kallo a talabijin suna ciro shi kaɗan-kaɗan, ko gashinta ba a aske ba. A wani asibiti a Abuja aka yi, kuma likitan Allah ya saka masa, ya zaunar da mu ya zana a takarda, bai ɓoye mana ba cewa ruwan ƙwaƙwalwa na iya yoyo ta hanci, kuma babban ƙari wani lokaci ba ya fita duka a karo ɗaya.

Inda ban ji daɗi ba wajen kula ne bayan aiki. Daren farko ƙishirwa ta dame ta, fitsari ba ƙaƙƙautawa, na kira nas ya fi sau uku kafin ta zo, ashe abu ne da ke faruwa bayan irin wannan aikin kuma akwai maganinsa, me ya hana a gaya mana tun farko? Ga kuɗi, kullum da sabon bil.

An hana ta fyace hanci da sunkuyawa, ta yi makonni a zaune take salla ba sujada, wannan ya fi komai damunta. Amma ran kwana na 3 da aikin ina gefen gado ina zuba shayi, ba ta juyo ba ta ce "ƙanena ai madarar ta yi yawa". Ashe ganin gefe ya fara dawowa, sai da na fita waje na share hawaye.

Bayan wata 3 za mu koma a sake hoton.