In zaka fara tara tsofaffin kuɗin azurfa, ga wanda zaka saya

Ni dai gaskiya duk wanda ya tambaye ni cewa nake masa ya fara da dirhamin Banu Umayya, musamman bugun Wasit, garin da Hajjaj bin Yusuf ya gina a Iraƙi. Tun shekara ta 79 bayan hijira da Abdulmalik bin Marwan ya fito da dirhami mara hoto, rubutu ne zalla, kuma rubutun kai kanka zaka karanta in ka yi allo: tsakiya La ilaha illallah wahdahu la sharika lahu, baya Ƙulhuwallahu, a gefe kuma sunan garin da shekarar bugu. Nauyinsa kusan giram 2.9, shine fa dirhamin nan da malamai ke faɗa a nisabin zakka, guda 200. Ranar da na fara ɗora shi a tafin hannuna wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma da yake Wasit ta buga da yawa, farashinsa baya yanka mutum.

Na Abbasiyawa bugun Madinatus Salam, wato Bagadaza, zamanin Haruna Rashid shima ba laifi. Fenin Ingila, wato penny ɗinsu na azurfa, na sarki Edward na ɗaya ƙanƙani ne, rabin nauyin dirhami. Grosso, kuɗin azurfa na birnin Venice a Italiya, kuwa hotuna ne, bai taɓa burge ni ba.

Amma jama'a jabu yayi yawa. Ni an taɓa cin kuɗina, wani a Facebook ya turo hoto mai kyau, da kaya suka iso sai naga guda uku duk tabo ɗaya a wuri ɗaya, alhali na gaske da guduma ake buga su ɗaya bayan ɗaya, ba yadda za'ayi su fito kamar tagwaye. Zubi ne, wato ƙarfe aka narka aka zuba ya ɗauki siffar na gaske. Duba gefen, in kaga layi siriri ya zagaye ko ƙananan ramuka kamar fuskar waina, ajiye masa abinsa. Sayi ɗan ma'aunin masu gwal ka auna nauyinsa, ka kuma gwada da maganaɗisu, azurfa bata kamawa, sai dai dalma da tagulla ma basa kamawa don haka kar ka tsaya nan. Mai cewa yanzu aka tono a gona, yi sauri akwai wani mai so, rabu dashi. Kuma don Allah in ka samu na gaske kar ka goge shi da toka ko lemun tsami, wannan baƙin da ke jikinsa masu saye shi suke nema.