Gargaɗi ga sababbin marubuta: masu "an zaɓi littafinki, za mu buga miki"

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta, musamman sababbin hannu da ke sakin labari feji-feji a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Akwai wasu mutane da ke bin ku ta bayan fage da sunan kamfanin buga littattafai, kuma sun wanke mutane ba kaɗan ba. Ba zan kama suna ba, don sunan nasu ba ya kwana biyu. Wannan watan tambarinsu alƙalami ne a kan buɗaɗɗen littafi, wata mai zuwa sun sake suna sun sake layi. Salon aikin ne ba ya canzawa, shi zan zayyana muku.

Ba sa tunkarar wadda ta daɗe a harkar. Wadda suke nema ita ce mai labari na farko ko na biyu, wadda masu karatu suka fara yi wa ruwan sharhi, zuciyarta ta fara raya mata ranar da za ta riƙe littafinta a hannu da sunanta a bango. Lambarta kuwa ba sai sun sha wuya ba, tana nan a ƙarshen kowane feji, inda ta rubuta mai son ci gaba ya tuntuɓe ta. Maza ma ana yi musu, amma tunda mata ne suka fi yawa a rubutun intanet, su abin ya fi faɗa wa, don haka da ke zan yi magana, ƙanwata.

Saƙon farko yakan zo kamar haka: "Salam Hajiya, barka da ƙoƙari. Kwamitinmu ya karanta littafinki, gaskiya alƙalaminki ya fita daban. An zaɓe ki cikin marubuta goma da za mu buga wa littafi bana, mu ɗora a Amazon, mu fassara zuwa Turanci. Akwai ma furodusa da ke neman irin wannan labarin."

Ki sake karanta shi a nitse. Babu sunan jarumar, babu sunan garin da labarin ya faru, babu wuri ɗaya da aka ce nan ya burge mu, can kuma da gyara. Saƙo ne da za a tura wa mutum ɗari ba a sauya ko wasali ba. Wata a gurup ɗinmu, mai wayo, ta amsa musu da cewa: "Na gode ƙwarai. Ya kuka ga mutuwar Baffa a feji na 20?" Aka dawo mata da amsa cewa wallahi wurin har hawaye ya sa shugaban kwamiti. Babu wani Baffa a littafin, kuma ba wanda ya mutu daga farko har ƙarshe.

Waɗanda ba su yi wannan gwajin ba, ga yadda ake tafiya da su. Kuɗin farko ba shi da yawa, kuɗin fom ne, abin da bai wuce na data ba. Kina biya sai a turo miki hoton satifiket mai zanen ruwan gwal a gefe, da sunanki ɓaro-ɓaro. Nan ne gadar zaren take, domin sun san za ki ɗora a sitatus. Ƙawaye su yi ta barka, yayarki ta tura gurup ɗin dangi, Mama ta sa albarka. Daga ranar ba kuɗinki kaɗai ke hannunsu ba, har da kunyarki. Sai a ce kuɗin edita. Sai na zanen bango. Sai na ISBN. Sai wani wai shi harajin Amazon, sai na buɗe asusun dala inda ribarki za ta riƙa shiga. Kowanne da wa'adinsa: yau sha biyun dare za a rufe, akwai wata a layi in ba ki shirya ba. Duk lokacin da kika ji jikinki ya yi sanyi, sai ki tuna abin da kika riga kika zuba da mutanen da ke tambayar yaushe littafin zai fito, ki ƙara turawa. Na san wadda kuɗin adashinta ya tafi a haka, na san wadda ta sayar da ɗankunne.

Ki lura da asusun da ake ba ki. Kamfani ne a baki, amma sunan mutum ne ke fitowa kafin ki danna tura, kuma na yau daban da na makon jiya. In kin tambaya a ce akawunsu ne. A ƙarshe wasu har BVN suke nema, da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wai don a haɗa asusunki da na ribar. Wadda ta bayar da wannan lambar, abin da ke asusunta gaba ɗaya ta bayar.

Yanzu bari mu bi abubuwan da suke tsorata ku da su.

ISBN lamba ce mai alƙaluma 13 da ake gane littafi da ita a kasuwa. A Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma tamu takan fara da 978-978. Marubuciya na iya nema da kanta, ba sai da ɗan tsakiya ba. Ba lasisin rubutu ba ce, ba ta kuma kare labari daga sata. Abin da doka ta ɗora wa mai buga littafi na ƙashin kansa shi ne ya kai wa ɗakin karatun kwafi 3 bayan littafin ya fito.

Amazon kuwa, ɗora littafi a manhajarta ta KDP kyauta ne. Ba kuɗin rajista, ba harajin shiga. Ita ce ke cire kasonta idan an sayi littafi, ta bar wa marubuci kashi 35 ko 70 cikin ɗari na littafin waya, gwargwadon farashi da ƙasar da aka saya. Littafin waya ba ya ma buƙatar ISBN a wurinsu, na takarda kuma suna bayar da tasu kyauta. Sannan suna da jerin harsunan da suke karɓa, a buɗe yake ga kowa. Kafin wani ya karɓi kuɗinki da alkawarin ɗora littafin Hausa a can, ki buɗe jerin ki nemo Hausa da idonki. Kuma ko littafi ya hau, hawa ba ciniki ba ne. Masu karatunki suna Kano da Zariya da Maraɗi da Kumasi, da wayarsu da 'yar datarsu, ba su da katin sayayya da dala.

Haƙƙin mallaka shi ne wanda aka fi yi wa mutane ƙarya a kansa, a ce ki biya a yi miki rajista ko wani ya riga ki. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, labari naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi, a takarda ko a waya, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato NCC, tana da tsarin rajista ta intanet ga mai so, don ya zama ƙarin hujja, amma ba shi ke sa labari ya zama naki ba. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba wani shi kaɗai izinin amfani da shi, sai a rubuce. Saboda haka abin tsoron shi ne takardar da kika sa wa hannu ba ki karanta ba.

Shi kansa kamfanin, ki nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ki duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, binciken kyauta ne. Ki ce su faɗi littattafai uku da suka buga, da shagon da za ki je ki saya. Ki nemo ɗaya daga marubutan da kanki, ba ta lambar da su suka ba ki ba. Ki tambayi adireshin ofis ki tura yayanki ya leƙa. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Su kuwa a nan za ki ji muryar ta sauya, a fara ce miki ba ki san darajar damar da kika samu ba.

Kada a fahimce ni baibai, ba duk wanda ya karɓi kuɗi a harkar littafi ne macuci ba. Littattafan da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, yawancinsu marubutan ne suka buga da aljihunsu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka taimaki juna da shawara da hanyar kasuwa. Har gobe hanya ce mai kyau. Sai dai wanda ya je maɗaba'a ya san abin da ya saya. Zai taɓa takardar da hannunsa, a faɗa masa farashin kwafi 500 da na 1,000, a fitar masa da kwafin gwaji ya duba kurakurai kafin injin ya tashi, ya ba da rabi ya riƙe rabi, a ƙarshe ya ƙirga katan-katan ɗinsa ya sa a adaidaita. Littafin nasa ne, ribar tasa, asarar ma tasa. Ɗaya hanyar ita ce kamfani ya ɗauki littafin ya buga da kuɗinsa, ya riƙa ba marubuci kaso. A nan marubuci ba ya biyan ko sisi. Su waɗannan da nake magana a kansu sun ɗauki yabon hanya ta biyu, sun haɗa da biyan kuɗin hanya ta farko, sannan babu littafi.

Asarar da ta fi ci mini rai ma ba ta kuɗin ba ce. Tun a saƙo na biyu ko na uku za su ce ki turo cikakken labarin a fayil don edita ya fara aiki. Labarin da kika yi wata da watanni kina taifin da babban yatsa, kina jiran a kawo wuta ki sa caji, wanda kike shirin sayarwa bayan fejin kyauta. Ba a jima ba za ki gan shi yana yawo a gurup-gurup ana sayarwa a rabin kuɗinki, ko ki ji wata murya tana karanta shi a YouTube, an sauya masa suna an sauya sunan jaruma. Wanda zai duba aikinki don ya yanke shawara, babi biyu ko uku da taƙaitaccen bayanin labarin sun ishe shi. Kafin ki tura wa kowa komai, ki tura wa kanki cikakken fayil ɗin ta imel, kwanan watan zai zauna. Littafin makarantar da kika fara zayyana labarin a ciki ma kada ki bari a kunna gawayi da shi.

Akwai 'yan'uwan wannan damfarar. Gasar da sai an sayi fom, sannan a ce masoyanki su yi zaɓe da kuɗi, kowace ƙuri'a da farashinta, ba a san alƙalai ba, ba a taɓa ganin wanda ya ci bara ba. Ki kwatanta da Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, wadda aka fara yi wa mata a 2016: shiga kyauta ne, ƙa'idojin a shafinsu suke, waɗanda suka yi nasara kowa na ganinsu. Duk wanda ya ce ki biya shi ya shigar da ke, ko yana da hanya wurin alƙalai, ƙarya yake. Sai kuma wasu manhajojin karatu da ke turo yarjejeniya mai shafi da yawa da Turancin lauyoyi. Wasunsu suna biya da gaske, amma a ciki za ki tarar an karɓe haƙƙin fassara da na fim da na sauti, na tsawon shekarun da ba ki zata ba. Ki kai wa wanda ya san doka ya karanta miki layi-layi kafin ki sa hannu.

Idan kuwa kina neman alamar edita na gaske, yabonsa kaɗan ne. Zai ce babi na huɗu ya yi tsawo, kishiyar nan muguntarta ba dalili, kin haɗe "ya na" da "yana", kin bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Za ki ji zafi ranar, littafin kuma zai gyaru. Irin waɗannan mutanen ana samun su a zaman ƙungiyoyin marubuta, kamar rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA) na jihohi, inda ake karanta aiki a gaban jama'a a yi masa fiɗa. Ki ƙarasa labarin tukuna, ki ajiye shi ya kwana biyu, ki dawo ki karanta da ƙarfi kina jin inda harshe ke tuntuɓe. Rashin kamfani bai taɓa hana labarin Hausa mai daɗi samun masu karatu ba.

Wadda abin ya riga ya faɗa wa, kada ki goge hirar don takaici. Ki ɗauki hoton kowane saƙo, da rasit, da lambar asusu da sunan da ke kai. Ki kira bankinki ko ki je da kanki a ranar, domin saurin kai ƙorafi ne ke sa a iya riƙe kuɗin kafin a kwashe. In kin ba da lambar sirri, a rufe katin nan take. Ki kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, satar labari kuma wurin NCC. Ki faɗa wa shugabannin gurup ɗinku su sanar ba tare da an ambaci sunanki ba. Bayan kwana kaɗan wata sabuwar lamba za ta iya nemanki, mai ita ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai dawo miki da kuɗinki in kin biya na aiki. Su ne dai, ki toshe shi.