Bargon Hunturu: Na Kasuwa ko Ɗinkin Gida, da Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya

Da zarar an gama kawar da amfanin gona, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da ƙurar hamada, kowane gida a ƙasar Hausa yakan tuna da bargo. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi yakan hana yaro fita alwala sai da lallashi, na Jos kuwa ya fi haka tsanani. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu jira sai sanyi ya kankama sannan mu ruga kasuwa, mu ɗauki bargon da ya fi kauri da sheƙi, ba tare da mun tambayi abin da aka yi shi da shi ba. Sanyinmu kuwa yana da halinsa: gajere ne, busasshe ne, cike yake da ƙura, kuma ɗakin da ya yi sanyi da asuba yakan ɗumame kafin azahar. Saboda haka bargon da ya dace da mu shi ne wanda yake riƙe ɗumi ba tare da ya jiƙa mutum da gumi ba, wanda kuma mace ɗaya za ta iya wankewa ta shanya ba tare da neman taimako ba.

Wanda ya fi cika kasuwa a yau shi ne bargon nan mai laushi, mai gashi-gashi da manyan furanni, wanda ake shigowa da shi daga waje, galibi daga Sin, a cikin jakar leda mai zif. Babu musu yana da ɗumi, yana kuma ƙawata gadon amarya, shi ya sa ba a rasa shi a kayan ɗaki. Amma zarensa na roba ne, kuma a busasshiyar iskar hunturu yakan tara lantarki har a ji yana ƙaf-ƙaf idan an yaye shi cikin duhu, yana kuma jan ƙura kamar an aike shi. Mai kaushi ko faso a diddige ya san yadda gashin yake maƙalewa a ƙafa. Idan aka tsoma mai hawa biyu a ruwa, nauyinsa yakan gagari matsa. Abin da ya fi damuna da shi shi ne wuta, domin a gidajen da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi, narkakkiyar roba kuma mannewa take yi a fata.

Na gwanjo, irin wanda ake kwance dilarsa a Ƙofar Wambai da sauran kasuwannin kayan sawa, wani lokaci ya fi sabo inganci, musamman idan aka dace da wanda rigarsa ta auduga ce. Sai dai a ɗaga shi a hasken rana a ga ko cikon ya dunƙule gefe guda, a bi bakin ɗinkin da ido saboda kuɗin cizo, sannan kada ya hau gado sai an wanke shi da ruwan zafi ya sha rana sosai.

Sai kuma namu na gado, wato gwado da luru, waɗanda masaƙa suke saƙawa da zaren auduga mai kauri, ƙwarya-ƙwarya, wato dogayen ƙyallaye marasa faɗi, sannan a harhaɗa su. Har yanzu ana samunsu a Kasuwar Kurmi, kuma a Nijar akwai ɗan'uwansu tera-tera na Zabarmawa. Sabon luru yana da ɗan kaushi a jiki, amma duk wankin da aka yi masa laushi yake ƙarawa, yana numfashi, ba ya tara gumi, kuma yakan yi shekaru da yawa kafin ya yage. Rauninsa shi ne hawa ɗaya ne, don haka a daren da sanyi ya tsananta sai an ninka shi ko an ɗora wani a kai. Mai saye ya duba inda aka haɗa ƙwaryoyin, domin daga nan yake fara warwarewa, ya kuma tabbatar ba a cakuɗa zaren da na roba ba.

Zaɓin da na fi so, wanda kuma zan fi daɗewa a kansa, shi ne bargon ɗinkin gida mai hawa uku: fuska ta ƙyallaye, ciko a tsakiya, da shafi a baya, a bi duka da ɗinki ya kama su wuri ɗaya. Wasu suna ɗaukar wannan sana'a baƙuwa ce, alhali ita ce dabarar lifidi, rigar yaƙin da ake cusa wa auduga a bi ta da ɗinki don kare doki da mahayinsa. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, kuma har yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla. Abin da ya tare kibiya a jiya, ba zai kasa tare sanyin Janairu ba.

A wajen fuskar, akwai hanya biyu. Ko dai a sayi sababbin yadudduka a Kantin Kwari a yayyanka, ko kuma a tara ragowar atamfa daga shagon tela da tsofaffin zannuwan gida. Sabon yadi yana ba mutum damar tsara launi yadda yake so, amma yana da tsada, kuma raina ba ya son ganin an datsa lafiyayyen turmi gunduwa-gunduwa. Ragowar tela ta fi araha, wani telan ma kyauta zai bayar don ya huta da shara, sai dai tana buƙatar tantancewa. Atamfar auduga ita ce ta fi dacewa, domin tana kwanciya a ƙarƙashin dutsen guga kuma ba ta zamewa a keke. Leshi da yadi mai santsi da mai miƙewa a ajiye su gefe, saboda idan aka haɗa su da auduga, wanki ɗaya zai sa wani ya tsuke wani ya saki, bargon ya karkace. Tsohon zanen da ya riga ya yi sirara ma kada a haɗa shi da sabon ƙyalle, don shi zai fara yagewa ya bar rami a tsakiyar aikin wata guda.

Da yake atamfar roba ta cika kasuwa, ido kaɗai ba ya rarrabewa. A zare ɗan zare daga bakin ƙyallen a kusanta shi da ashana a waje, nesa da sauran kaya: auduga tana ci da warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa tana ƙanƙancewa ta narke ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Don gane mai zuba, a jiƙa farin ƙyalle a goga a kan ja ko shuɗi. Idan launi ya fito, a wanke wannan ƙyallen shi kaɗai har ruwan ya washe, in ya ƙi a haƙura da shi. Wannan ya shafi har da rinin baba irin na Ƙofar Mata, wanda yake da kyau ƙwarai a bargo amma yakan saki shuɗi a wankin farko.

Ciko shi ne ran bargo, kuma a nan ne ake yawan yin asara, domin da zarar an rufe ɗinki ba a sake ganinsa sai ya fara ba da matsala. Audugar gona, wadda ake nomawa a yankunan Funtuwa da Gusau, ita ce ta fi dacewa da yanayinmu, amma da sharaɗin an gurje ta an shiɓe ta sosai. Na taɓa sayen wadda ba a tsabtace ba saboda arha, na ɗinke bargo guda cur da ita, bayan wanki biyu sai ga ɗige-ɗigen mai sun fito a farin shafin daga guryar da ta saura a ciki, da bazara kuma ɓera ya huda shi a cikin adaka yana neman guryar. Tun daga ranar nake cusa hannu cikin buhu in murza kafin in yi ciniki. Auduga tana da nauyi, tana kuma son ɗinki kusa-kusa, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba za ta tattaru a kusurwa.

Audugar rimi ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma ta yi suna a matashin kai, amma ban ba da shawarar a sa ta a bargo ba. Silɓi gare ta, ba ta zama a shimfiɗe, tana rugurgujewa ta zama gari da daɗewa, kuma tana kama wuta da saurin gaske. Faiba, wato cikon roba da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma wurin masu kayan kujeru da labule, ita ce ta fi sauƙin aiki ga sabon hannu, domin a shimfiɗe take zuwa, ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, kuma tana haƙuri da ɗinki mai tazara. Illarta irin ta bargon roba ce, wato gumi da tsoron wuta. Soso kuwa, ko mai sirara ne, a bar wa katifa, don ba ya lanƙwasa ya bi jiki. Akwai wata dabarar da ba ta cin ko sisi: tsohon gwado ko bargon da ya koɗe amma bai ruɓe ba, a wanke shi a sa shi a tsakiya. Ba ya dunƙulewa, ba ya gudu, kuma a ganina ya fi faiba daɗin rufa.

Shafi ba ya buƙatar dogon tunani. Akoko ko zawwati ko atamfar auduga mai sauƙin kuɗi duk sun wadatar, muddin an wanke su kafin a yanka, domin sabon akoko yana tsukewa sosai. Ga gado mai ƙafa shida da shida, ana son bargo ya kai kamar ƙafa bakwai kowane gefe don ya sauko. Wannan yana nufin tsayi biyu na yadin da faɗinsa ya kai inci 45, a haɗa su a tsakiya, wato kusan yadi biyar, saboda haka turmi ɗaya mai yadi shida zai yi shafin har a sami ragowar da za a naɗe baki da ita. Idan fuskar murabba'i-murabba'i ce mai inci shida, za a buƙaci guda 196, sha huɗu a jere sau sha huɗu, kuma a yanka kowanne da ƙarin rabin inci saboda abin da ɗinki zai ci.

Game da keke, ba sai an sayi na musamman ba. Baƙin keken ƙafa irin Butterfly ko tsohon Singer yana haɗa ƙyallaye lafiya lau, kuma ya fi na lantarki amfani a unguwar da wuta ba ta tsayawa. Keken hannu yana wahalarwa a nan, saboda hannu ɗaya ba ya iya sarrafa bargo mai nauyi. A sayi allura mai lamba 16 don ɗinke hawa ukun, a bar mai lamba 14 ga haɗa ƙyallaye, a kuma nemi zare mai ƙwari wanda ba ya tsinkewa idan an ja shi tsakanin yatsu. Idan cikon auduga ne mai kauri, ɗinkin hannu ya fi, a shimfiɗa aikin a kan tabarma a fara daga tsakiya ana fita gefe, kuma aiki ne da mata biyu ko uku suke gamawa cikin hira a 'yan kwanaki.

Masu saƙa da kwarashi, waɗanda suke yin hula da safa da rigar sanyin jarirai, su ma su san cewa yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa roba ne. Na gashin tumaki na gaskiya yana warin ƙonannen gashi idan an gwada shi da wuta. Ga kayan yara, na roba mai laushi ya wadatar, don yana jure wanki kuma ba ya ƙaiƙayi, amma a sayi duk ƙullin da ake buƙata a lokaci ɗaya, domin launin da aka ƙaro daga baya ba kasafai yake dacewa da na farko ba. Jariri kuwa gara a sa masa riga da hula da safa a kan a lulluɓe shi da bargo mai nauyi da zai iya rufe masa hanci.

Wanda yake son abin rufa a daren yau, kuma ba a shigar da garwashi ɗakinsa, bargon kasuwa mai hawa ɗaya ko na gwanjo mai rigar auduga zai fisshe shi. Wanda yake da ɗan hali ya nemi luru. Mai niyyar ɗinki kuma ta fara tara ƙyallaye tun bayan salla, lokacin da shagunan teloli suke cike da ragowa, ta wanke su ta goge tun damina, ta sayi auduga da kaka sa'ad da sabuwa ta shigo kasuwa, yadda kafin hazon Disamba ya sauka saura kawai naɗe baki.