Clownfish a zafin Sakkwato: wanne za ka saya, wanne za ka bari

Duk baƙon da ya shigo falona sai ya tsaya gaban tankin gilashin nan ya ce kai, wannan ai kifin katun ɗin yara ne, a ina ake samu? To bari in faɗi abin da na sani kafin wani ya je ya zuba kuɗinsa a rijiya yadda na yi da farko.

Clownfish kifin ruwan gishiri ne na teku, kuma iri-iri ne, ni dai irin da ake ce wa ocellaris nake so, kuma wanda aka ƙyanƙyashe a gona ba wanda aka kamo a teku ba. Shi ne mai ruwan lemun nan da ratsin fari uku. Ba shi da yawan faɗa, yana cin abincin gwangwani ba gardama, kuma tunda a tanki ya buɗe ido bai cika zuwa da cututtukan teku ba. Ka sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ba sai ka tambayi mace ko namiji ba don wanda ya fi ƙarfi shi ke juyewa ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji, ikon Allah kenan. Nawa biyun bayan famfon da ke juya ruwan tankin suka zaɓa wurin kwana, da safe in na matso da abinci sai babbar ta taso tana rangajin nan nasu kamar mai jin kalangu. Wani irin mai suna percula kusan kamarsu ɗaya da ocellaris, tsada kawai ya fi. Maroon kuwa masifaffe ne, har hannunka zai ciza, ka bar shi.

Tanki, za a nuna maka ɗan ƙarami na lita 30 ya yi kyau kan tebur, kar ka yarda. A nan ruwa ƙafewa yake, balle da hunturu, kuma in ya ƙafe gishirin ba ya bin sa, sai ruwan ya ƙara kauri, a ƙaramin tanki kwana biyu sun isa a samu matsala. Lita 75 ne mafi ƙanƙanta, 100 ya fi kwanciyar hankali. Cikon abin da ya ƙafe kuma da ruwan da injin tace ruwa na RO ya tace, mara gishiri, ake yi, ba na bohol ba.

Sai zafi. Kifin nan digiri 24 zuwa 27 yake so, mu kuwa a watan Afrilu wuce 40 muke. Injin sanyaya ruwa shi ne sahihi amma yana shan wuta, fanka a saman ruwa tana da arha sai dai tana ƙara ƙafewa. Ni ɗaki mai AC na haɗa da fanka. Kuma in ba ka da inbata ko sola to ka fara da su, don in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya iskar ruwan ce ke fara ƙarewa.

Yanzu ga inda aka cuce ni, gishirin da ake damawa a haɗa ruwan tankin. Wani mai sayarwa ya aiko min a farar leda ba suna ba komai, na yi magana ya ce Alhaji ai daga babban buhu muke aunawa don sauƙaƙa muku. Na dama, na auna da refractometer, wato ma'aunin gishirin ruwa, ya nuna 1.025 daidai yadda ake so, ashe shi abin yawan gishiri kawai yake gani, ba ruwansa da ko akwai kalshiyam da magnesiyam a ciki, kafin sati kifina na farko sun mutu, mutumin kuma ya daina ɗaukar waya. Ka sayi bokiti ko leda a rufe daga kamfani, irin Instant Ocean ko Red Sea, ka duba hatimin da idonka, kusan giram 35 ake sa wa kowace lita. Duk wanda ya ce gishirin miya ko na Bilma zai yi, ka yi masa sallama.

Kuma ba nan suka tsaya ba. Akwai mai ce maka ka zuba kifi ranar da ka haɗa tanki, ƙarya ne, sai ya yi sati 4 zuwa 6 bakteriyar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zauna jikin duwatsun tankin. Akwai mai manna maka anemone, wata halittar teku mai kama da fure da kifin ke fakewa a ciki, wai kifin ba ya rayuwa sai da shi, nawa ba su taɓa ganinsa ba, shi kuma anemone ɗin sai tsohon tanki da fitila mai ƙarfi. Akwai mai sayar da kifin da aka kamo a teku da sunan na gona, alhali a wasu sassan Filifin da Indunusiya har da gubar cyanide ake kamo kifin ado. Ka ce a yi maka bidiyon kifin yana cin abinci kafin ka tura ko sisi, kuma daga Legas a sako shi a jirgi, ba motar dare ba.

Murjani kuwa, wato mai rai da ake sa wa a tanki don ado, ka jira wata uku ko huɗu, ka fara da mai laushi irin mushroom, kuma da zarar ya shiga kar maganin da ke da jan ƙarfe ya taɓa tankin nan, don kashe murjanin yake.