Session 9: wane faifai ya kamata ka saya?

A tsohon asibitin masu taɓin hankali na Danvers, jihar Massachusetts ta Amurka, darakta Brad Anderson ya ɗauki wannan fim na tsoro da ya fito a 2001. Ma'aikata biyar ne suka karɓi kwangilar kwashe asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, daga asibitin cikin mako guda, sai ɗayansu ya tsinci kaset-kaset na hirar likita da wata majinyaciya, Mary Hobbes. Rabin tsoron a kunne yake, a muryoyin kaset ɗin nan, saboda haka faifan da ya lalata sauti ya kashe fim ɗin.

Faifan Blu-ray na kamfanin Second Sight, wanda aka fitar a Ingila a 2021, shi ne ya kamata ka saya. Faifai biyu ne cikin kwali mai kauri, da ɗan littafi, da sabbin hirarraki da waɗanda suka yi aikin. Ana kulle Blu-ray shiyya-shiyya, wannan kuwa na shiyyar B ne, shiyyar Turai da Afirka, yawancin na'urorinmu za su karɓe shi. Duk da haka duba harafin da ke bayan na'urarka, domin PlayStation da aka shigo da shi daga Amurka shiyyar A yake bi. An buga faifan ƙayyadadde, masu sake sayarwa sukan tsawwala.

Na kamfanin Scream Factory na 2016 ba laifi, amma shiyyar A ne. Tsohon DVD kuwa, bar shi.

Sai jabu. Wanda ya tallata maka "4K na asali" kuɗinka yake so: da kyamarar dijital ta Sony mai tsabtar hoto 1080, wadda ba ta kai 4K ba, aka ɗauki fim ɗin, babu inda ƙarin tsabta zai fito. Kafin ka biya, nemi hoton ƙasan faifan. Na kamfani ruwan azurfa ne, da ƙananan lambobin IFPI, shaidar masana'antar da ta buga shi, a zoben tsakiya. Wanda aka ƙona a kwamfuta yana da duhu, kuma za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Masu kwafi suna matse fayil, sai duhun ramukan ƙarƙashin ginin ya farfashe ya zama tabo-tabo, muryar Simon, ɗaya daga muryoyin kaset ɗin Mary, ta dushe. Hoton gaskiya faffaɗa ne, 2.35:1, da baƙin layi sama da ƙasa. In ya cika allo, an yanke gefunansa. Tsawonsa kusan minti 100 ne. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton faifan a hannunsa, ya turo na intanet, kada ka tura masa ko sisi.