Hattara da mai tallan taya da birki "na tsere" a Instagram da TikTok

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne musamman ga samarinmu masu son mota ta riƙa amsa ƙafa, masu Camry muscle da Accord da Civic da C300 da ƴan Lexus ɗin nan, waɗanda in an fita Zaria road da sassafe sai kowa ya ɗan taka. Akwai wani mutum da ke tallan abin da yake kira "fakej", wato taya huɗu da fad ɗin birki da faifai mai huji-huji da jan kalifa (ƙarfen da ke matse fad a kan faifai) mai tambarin Brembo da robar man birki, wai duka daga Dubai ko Jamus aka sauke, kuma kuɗin bai kai rabin abin da za ka biya a shagon dila ba. Wallahi kayan mutuwa yake sayarwa. Sunan shafinsa ba zai amfane ku ba don canzawa yake yi da zarar ƙorafi ya yi yawa, yau wannan suna gobe wancan, amma salon aikin ɗaya ne, shi zan kwatanta muku.

Bidiyon da yake sawa mai kyau ne, sito cike da tayoyi sababbi kar da sitika a jiki, kwalaye a jere, ga kiɗa. In ka yi magana zai kai ka WhatsApp, oga kaza oga kaza, zai tambaye ka motarka da sayiz ɗin rim kamar wanda ya san aiki. In ka ce ina shago sai ya ce ai su sito gare su ba shago ba, kaya na Legas, ka tura rabin kuɗi a saka maka a mota ka karɓa a tasha ka cika sauran. Akawun da zai ba ka sunan wani ne daban, in ka tambaya ya ce na yaronsa ne. Kuma kayan suna zuwa fa, nan ne mutane ke rikicewa, don mun saba ɗan damfara ya karɓi kuɗi ya ɓace, shi wannan yana turowa. Tayoyin a naɗe suke tsaf da leda mai ƙyalli tun daga sama har ƙasa, direban tasha yana jira yana ce maka yallaɓai ka sallame ni zan juya, shi kuma yana ta kira a waya ka cika kuɗi, to wa zai tsaya yage leda a tsakiyar tasha.

Ɗan yayata ne ya saya wa Accord ɗinsa, shi ya sa na ga kayan da idona. Mai facin unguwarmu dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, yana yage ledar farko ya shafa gefen tayar ya ce Alhaji zo ka gani. Kowace taya tana da rubutu a gefe da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019. A waɗannan tayoyin an goge wurin an sake buga sabuwar lamba, robar wurin ta yi santsi tana ƙyalli daban da sauran jiki, lambobin ma ba su zauna a layi ɗaya ba, ɗaya ta fi ɗaya zurfi. Da ya lanƙwasa gefen da hannu sai ga ƙananan tsagu sun buɗe birjik, waɗanda aka rufe da baƙin man goge taya. Sannan ya sa farce a cikin zanen ya ce wannan ba zanen kamfani ba ne, yanka aka yi. Tayar ta riga ta suɗe aka sa wuƙa mai zafi aka ƙara mata zurfi, bakin zanen kaifi-kaifi, a wani lungu har kana hango zaren waya.

Wannan yankan shi ya fi tayar min da hankali. Akwai tayoyin manyan motoci da kamfani ya yi su da kauri musamman don a sake yanka musu zane, kuma a jikinsu an rubuta hakan. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kaurin, robar da ke tsakanin ƙasan zane da wayar ciki ƴar kaɗan ce, in aka yanke ta ruwa na shiga wayar ta yi tsatsa, zafi ya taru, wata rana kana kan 120 fatar saman ta ɓare gaba ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta ganewa, a cikin manyan layukan zanen kowace taya ta gaskiya akwai ƴan tudu ƙanana da kamfani ya bari, tsayinsu milimita 1.6, in taya ta cinye ta kai kansu to ta ƙare. Mai yanka yakan share su. In ka ga taya zane zurfi amma ka zagaya ba ka ga tudun nan ba, ajiye ta.

Biyu daga cikin tayoyin kuma na ƙasar sanyi ne, akwai hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki. Shi kuwa mai tallan cewa yake yi wannan zanen mai yawa shi ne "grip", na masu gudu ne. Ƙarya yake. Robar irin wannan tayar an haɗa ta ne don yanayin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, mu kuma a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi na haura digiri 40, kwalta ta fi haka nesa. A kan irin wannan titin tayar laushi take yi, tana cinyewa da wuri, mota na lilo a kwana, in ka taka birki sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Turawa sun gama amfani da ita sun zubar, wani ya kwaso ya goge ya ce maka na tsere ce. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma fa haramun ne a dokar kwastam ta Najeriya, yana cikin jerin kayan da aka hana. Kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki wato SON ta sha nuna yadda masu shigo da taya ke cusa huɗu ko biyar cikin guda ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, a fito da su da ƙarfe ana ɓanɓara, wayar bakin tayar da ke kama rim ta lanƙwashe tun kafin ta taɓa titi. Don haka ko sabuwa ce ka duba bakin da kyau.

Sai birki. Jan "kalifa" ɗin nan da ke sa samari hauka ba kalifa ba ne sam, murfi ne kawai mara nauyi da ake ɗaurawa a kan tsohuwar kalifarka don ta leƙo ja ta cikin rim. Bai ƙara komai a tsayawar mota, illa ma yana tare iskar da ke sanyaya birkin, kuma in ya kwance ya shiga tsakanin rim da faifai sai abin da Allah ya yi. Brembo kamfanin Italiya ne na gaske tun 1961, cikakken saitinsu na gaba kaɗai kuɗinsa ya ninka fakej ɗin mutumin nan gaba ɗaya sau da yawa, to ta yaya za a ba ka shi kyauta a kan taya huɗu. Fad ɗin da ya zo a kwali mai sunan babban kamfani, bakanike ya ɗauki ɗaya ya kankara da sukundireba sai gari ke zuba, a gefe kuma kana ganin rata tsakanin abin da ke cin faifan da ƙarfen bayansa, manne shi kawai aka yi da gam mara ƙarfi. Irin wannan in ya ɗauki zafi ko dai ya yi santsi ka taka mota ta ƙi tsayawa, ko ya ɓalle daga ƙarfen gaba ɗaya. Rubutun kwalin ma dishi-dishi ne, babu takarda a ciki, babu ƴan ƙarafan da ke hana ƙara. Fad ɗin da aka yi don kasuwar Turai yana ɗauke da alamar R90 a bayansa, amma kar ka dogara da ita kaɗai don masu jabu ma suna bugawa. Faifan kuma tsoho ne aka wanke a injin aka huda shi da dirila aka fesa fenti, hujin ko a jere ba su ba. Kowane faifai akwai iyakar siririntarsa da kamfani ya rubuta a jiki, wannan da aka auna ya riga ya wuce, kuma daga bakin irin hujin nan tsagewa ke farawa.

Man birkin ma hatimin robar a buɗe yake an mayar. Mutane ba su ɗauki man birki a bakin komai ba alhali shi ke kai ƙarfin ƙafarka zuwa taya. Man birki mai lamba DOT 3 sabo bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuma 230, amma man nan yana shan ruwa daga iska, in ya sha sai ma'aunin ya sauko wajen 140 da 155. In ya tafasa a cikin layi tururi ne ke taruwa, ka taka feda ta tafi har ƙasa ba komai, kuma wannan ba ya faruwa a go-slow ɗin cikin gari, sai kana gangaren Riyom ko hanyar Mambila da kaya da iyali. To ina ga wanda ba ka ma san me aka ɗura a robar ba.

Da aka yi wa mai tallan magana da farko cewa ya yi oga ai haka kayan waje suke, bakanikenku ne bai waye ba. Da aka tura masa hoton wayar da ta leƙo sai ya ce ba a mayar da kaya in an yage leda. Daga nan sai bulok. Kwamen ɗin shafin a rufe suke, waɗanda kuke gani suna yabo a sikirinshot shi ke rubuta abinsa.

Ni ban ga laifin wanda ke son motarsa ta riƙe titi ta kuma tsaya cak ba, kuɗin da aka sa a taya da birki ya fi wanda aka sa a sifika da fitila amfani. Amma ku sani duk girman birkinka taya ce ke tsayar da mota, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba. A gudun kilomita 100 kana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, in kuma ka ninka gudu nisan da za ka yi kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkawa. Kilomita 100 ɗin nan ita ce ma iyakar da hukumar kiyaye haɗurra wato FRSC ta sa wa ƙananan motoci a babban titi na expressway. Mun ga abin da fashewar taya ke yi, ko manya ba ta bari ba, a ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe, kuma jif ce babba.

Wanda ke son gyara na gaske ga mota ta hawan yau da kullum, ba ya buƙatar rabin tarkacen nan. Ka buɗe ƙofar direba akwai sitika a jikin ginshiƙi da ke nuna sayiz ɗin taya da iskar da kamfani ya ce a sa, ka bi shi, ka bar mai faci da "hamsin-hamsin" ɗinsa. Ka sayi sabuwar taya a wurin dila mai shago wanda gobe za ka same shi, ka karanta rubutun da kanka kafin ka biya. In ka ga 205/55R16 91V, 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, V kuma an gwada ta har gudun 240, H 210 ne, T 190, kar ka sa wadda ta gaza abin da motar ta zo da shi. Akwai kuma harafin jure zafi, A ko B ko C, a ƙasarmu ka nemi A, in babu B. FRSC shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, to kar ka yarda a sayar maka da wadda ta cinye rabin wannan a sito. Ka sa fad mai kyau daga dila da rasit, a auna faifai, a zuƙe tsohon man birki gaba ɗaya a zuba sabo daga roba mai hatimi da aka buɗe a gabanka, yawancin kamfanoni duk shekara biyu suke cewa a canza, kuma kar a haɗa DOT 5 da sauran don shi na silikon ne ba sa gauraya. Sai alaimen da balansin. Wallahi wannan kaɗai za ka ji mota ta canza. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja akwai masu amana da yawa, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka taɓa kaya da hannunka.

Wanda kuma ya riga ya sayi fakej ɗin nan, dan Allah kar ka ce bari in ɗan more kuɗina kafin in canza, kar ka hau babban titi da su, kuma kar ka sayar wa mai tasi ko ɗan kurkura don rage asara, rayukan mutane zai ɗauka a kai. A cire, a huda gefen tayoyin yadda ba wanda zai sake ɗaurawa, amma ka ɗauki hoto da bidiyo tukuna. Ka ajiye hirarku da rasit ɗin tura kuɗi da lambar akawun, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka kai wa ƴan sanda da ofishin SON na jiharku da hukumar kare haƙƙin masu saye wato FCCPC. Mu mun haɗa namu takardun, tayoyin da fad ɗin suna nan a ajiye a matsayin shaida, duk wanda abin ya shafa ya yi min magana ta inbox mu haɗa ƙorafin wuri ɗaya don ya fi nauyi. Ku tura wa guruf ɗin direbobi da na makanikai da duk wani ƙaninku da kuka san yana tara kuɗin rim da taya.