Gyaran babur mai ƙafa huɗu a Magazin: Masta ya gano ciwon, yaransa sun ɓata min rai

Na daɗe ina son rubuta wannan, amma na bari sai da raina ya ɗan kwanta, don kada fushi ya sa in zalunci mutumin da ya yi min alheri. Duk mai babur mai ƙafa huɗu a Kumasi ya san ba mu da yawa, kuma ranar da ya lalace za ka rasa gaban wanda za ka kai kuka. Masu gyaran okada su ce injinsa ya fi ƙarfinsu, fitocin mota su ce ai babur ne, kai wa 'yan babur. Haka za a yi ta tura ka.

Nawa hom-yus ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, inji 450, mai kafireta, mai bel, ruwa ke sanyaya injin. Ni ina unguwar Aboabo a Kumasi, shi kuwa yana gonarmu ta masara a bayan Ejura, inda ƙanena ke kula da aiki. Babur ɗin ke jan taki da jarkokin feshi zuwa fadamar da aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba ta isa in ruwa ya sauka. Shekara biyu yana wannan bauta ban taɓa buɗe masa inji ba.

Da aka gama girbi aka ajiye shi a rumfa, ya yi hunturu cur a tsaye, kusan wata uku. Da ruwan farko ya faɗi a watan Maris ƙanena ya tayar da shi, ya tashi lafiya lau. Amma in ya yi tafiyar minti 10 zuwa 15 sai ya fara shiɗewa kamar mai tari, ka ba shi wuta ya ƙi karɓa, can sai ya mutu murus. Ka bar shi ya huta kamar rubu'in awa, ka taɓa ya tashi kamar babu abin da ya faru. Ya sake tafiya, ya sake mutuwa. Sau uku ƙanena yana barinsa a tsakiyar gona da buhunan taki a baya, ya tako da ƙafa.

Wani fita a can ya fara da fulogi. Bai yi ba. Ya ce kwayil ne, wai in ya ɗauki zafi yana yanke wuta, kuma maganar ta shiga kunnena don hakan na faruwa, aka sayo sabo. Bai yi ba. Aka wanke kafireta sau biyu, aka zubar da man tankin aka zuba sabo. Kowane gyara in an gama sai babur ɗin ya tashi ya yi ta ƙara a gaban shago, a ce an gama, a karɓi kuɗi, washegari ya mutu a gona. Daga ƙarshe ƙanena ya kira ni da daddare, muryarsa a sanyaye, ya ce: “Yaya, mutumin ya ce ring ya ƙare, sai an sauke inji.” Na ce kada kowa ya taɓa ko noti ɗaya. Injin da ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, ba ya wuyar tashi da safe, ta ina ring ya ƙare? Aka ɗora shi a Kia, motar ɗaukar kaya, tare da sauran masararmu, aka gangaro ta Mampong har Kumasi.

Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ne ya kwatanta min wani Masta, babban makaniki, a cikin Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, ya ce mutumin ya taɓa aiki da injinan gona kuma ba ya gaggawar kwance abu. Kun san Magazin, in ba a kwatanta maka layi ba sai ka wuni kana zagaye tsakanin masu walda da masu yankan tsofaffin motoci, bayan ka riga ka sha cunkoson shataletalen Suame. Na same shi zaune a benci, mutum mai furfura, Hausarsa gauraye da Tonanci, yaren Asante.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki sifana ba. Tambayoyi ya yi ta jero min. Wata nawa ya yi a ajiye? A ɗaki ko a rumfa? In zai mutu, lokaci ɗaya yake ɗaukewa ko sai ya yi ta shiɗewa? Na ce shiɗewa yake. Ya gyaɗa kai ya ce: “Alhaji, wuta in za ta yanke ba ta sallama. Wanda ke shiɗewa yunwar mai yake ji.” Ya sa yaro ya hau, ya yi ta kai da komowa a layin har babur ɗin ya yi halinsa. Yana mutuwa Masta ya taso, ya ce kowa ya yi shiru, ya kara kunne kusa da tanki, ya murɗe murfin a hankali. Wallahi da kunnena na ji, “fuuus”, tankin ya ja iska kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Ya ɗan jira, ya danna sitata, babur ya tashi nan take.

Akwai ɗan siririn tiyo da ke fitowa daga saman murfin tankin ya sauka ta wajen sitiyari. Shekara biyu ina ganinsa ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Masta ya zare shi, ya sa a baki ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ya zura waya, sai ga jar ƙasa busasshiya tana zubowa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da babur ɗin ke rumfa. Ya ce min: “Ka san gwangwanin madara? In ka huda ɗaya ba ta zuba sosai sai ka huda na biyu. Haka tankin nan yake. Mai da nauyinsa yake gangarowa kafireta, in iska ba ta shiga ta maye gurbinsa ba, sai ya tsaya. In ka bar shi ya huta, iska ta ɗan sulala ciki, shi ya sa yake tashi.” Na tsaya ina kallon ƙasar nan a tafin hannunsa, bai fi cikin cokalin shayi ba, ina tuna fulogi da kwayil da kuɗin mota, ina tuna saura ƙiris a farke min inji mai lafiya. Gyaran bai kai minti biyar ba. Da na tambaye shi nawa zan bayar, ya ce in ba yara na koko. A ranar da an ce in rubuta sharhi, da babu kalmar yabon da zan rage.

Kuma bai yi min rowar sani ba. Muna zaune a bencin ya ce duk ranar da babur ya ƙi, a bi abu uku kafin a kira kowa: iska, mai, wuta, kuma a fara da wanda ba a biya. In ka danna sitata ka ji “ƙas-ƙas” kawai, duba kan batir, sau da yawa datti ne ko noti ya saki. Ya sa mita ya nuna min: batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba to ba ya caji, kuma sayen sabon batir asara ce sai an gyara cajin. In babu ko motsi, a tabbata giya na furi ko a matse birki, a kuma duba jan makunnin da ke hannun hagu, don yara kan taɓa shi. In babur ba ya zama sai da cok, ƙaramin jet na kafireta ne ya toshe, kuma tsohon mai da ya kwana watanni a ciki ne ke jawo haka, don haka in za a ajiye shi a rufe famfon mai a bar injin ya shanye na cikin kafireta. Fulogi kuwa launinsa ke ba da labari: baƙi mai toka mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari fat mai ya yi kaɗan, ruwan ƙasa shi ne daidai.

Wanda ya fi min amfani shi ne na ruwa, don akwai rafin da muke ƙetarawa. Ya ce in kun fito daga ruwa kuka ji inji na ihu amma babur ba ya ja, ruwa ne ya shiga gidan bel. Ya durƙusa ya nuna min mazubar da ke ƙasan gidan, a buɗe ruwan ya tsiyaye, a sa furi a ɗan ba shi wuta ya bushe. In kuwa aka zaro ma'aunin baƙin mai aka ga ya koma kamar shayi da madara, kada a sake tayar da shi sai an juye.

To, a nan ne ya kamata in ɗauki kayana in tafi. Amma da yake duba ƙasa sai ya ga robar shaf ɗin gaba ta hagu ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, shi ne ƙarar “ƙat-ƙat” da ƙanena ke ji in ya karya kwana. Ya ce a bari ya canza, ya duba birki, kwana biyu. Mutumin da ya ceci injina, ta yaya zan ce masa a'a? Na bari.

Kwana biyu ya zama tara. Ranar farko an ce ba a samu robar ba, kuma na yarda, don kayan irin wannan babur ba a cika samunsu ba ko a Magazin. Rana ta huɗu na je, aka ce Masta ya tafi Techiman duba wata tarakta. Na kira bai ɗauka ba. Rana ta shida an ce ya wuce jana'iza. Ana nan ruwa na sauka a Ejura, taki na jibge a rumfa, ƙanena na biyan mutane suna ɗauka a ka. Duk manomi ya san abin da mako guda ke nufi a farkon damina. Rana ta tara babban yaronsa ya kira ya ce an gama. Na je na biya cikakke, ban yi ciniki ba, saboda darajar Masta. Na ga an wanke babur yana ƙyalli, tayoyi sun tashi tsaf, na ji daɗi har na ƙara musu wani abu.

Kwana uku da komawarsa gona ƙanena ya kira ni yana haki. Yana gangarowa fadama da buhu biyu a baya, babur ya yi ta tsalle kamar ƙwallo, ya daki kunya, ƙafafun gefe guda suka ɗaga, Allah ne kaɗai ya kiyaye bai kife a kansa ba. Ya gurje hannu da gwiwa. Da aka auna tayoyin, 28 aka samu. Yaran sun tura shi wajen mai faci an dura masa iska irin ta mota. Tayar wannan babur iskarta 'yar kaɗan ce, yawanci ba ta wuce 3 zuwa 7, kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro a takardar da ke manne a jikinsa. Laushin tayar ne ke riƙe ƙasa. Ko gejin mota ba ya karanta irin wannan iska da kyau, nasa daban ne. Wannan babur ya ninka mutum nauyi sau da yawa, in ya danne ƙirji ba a cewa komai sai innalillahi. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi, don yaron nan amanar mahaifiyarmu ce a hannuna.

Na ce masa ya duba sauran aikin. Robar da suka sa ta wata ƙaramar mota ce, ta yi wa shaf ɗin yawa, suka ɗaure bakinta da waya maimakon maɗaurinta na ƙarfe, kuma ta riga ta zame. Ba su wanke yashin ciki ba, sabon giris suka shafa a kan tsohon datti. Soson da ke tace iskar inji kuma, wanda ban ce a taɓa ba, sun wanke shi da fetur suka mayar a bushe babu man da ake shafa masa, alhali man ne ke kama ƙura. A ƙurar Ejura! Nan take tsohon haushi ya dawo min, har na tuna kwayil ɗina na asali mai lafiya da fitan farko ya cire bai dawo min da shi ba har yau, ga na kanti da aka sa wanda ban san kwanansa ba.

Na sake biyan Kia, na sake sauko da shi. Wannan karon na samu Masta. Ban ɗaga murya ba saboda furfurarsa, amma na faɗa masa duka, na nuna masa hoton hannun ƙanena a waya. Ya yi shiru, ya durƙusa ya taɓa wayar da aka ɗaure robar, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya kira yaran ya yi musu faɗa da Tonanci har maƙwabta suka leƙo. Ya juyo ya ce: “Alhaji, ka yi haƙuri, laifina ne, ni ka ba wa aiki.” Da hannunsa ya kwance shaf ɗin, ya wanke, ya cika giris, ya sa maɗauri na gaske, bai karɓi ko sisi ba. Na yaba da wannan. Amma kuɗin mota sau biyu ni na biya, makon da ya wuce bai dawo ba, kuma yashin ya riga ya ci ƙarfen, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba.

Mutane biyu sun tambaye ni ko su kai nasu wurinsa. Abin da na ce musu: ku kai, don ban ga mai kunnensa ba a garin nan, amma ku kira ku tabbata yana nan, ku zauna a bencin har a gama, kada babur ya kwana, kuma kada ku bari a kusanci tayoyin. Ni ma in ya sake yin ciwon da na kasa ganewa can zan nufa, sai dai ba zan ƙara barin makulli a hannun yaro ba.

Yanzu na aika Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, a nemo min shaf ɗin gaba ɗaya, mako na uku ke nan ana cewa yana hanya. Na saya wa ƙanena ƙaramin geji yana yawo da shi a aljihu, tayoyin suna kan abin da takardar ta ce, kuma ya ɗaure ɗan ƙyallen gidan sauro a bakin tiyon tankin. Tun daga ranar babur ɗin bai sake mutuwa a gona ba.